Tambayoyinku Kan Kayan Buga Gem: Faifan Ajiya, Katin Girafik da Talabijin

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri guda suka dosa. Mutane sun tara 'yan kuɗinsu suna son sayen kayan buga gem, kuma suna tsoron a sayar musu da gaibu. Na san wannan tsoron. Na daɗe a bayan teburin gyara a Kano, kuma babu abin da ke sosa min rai a sana'ar nan kamar in ga yaro ya shigo rungume da kwali yana murna, in buɗe in tarar abin da ya sayo ba zai shiga na'urarsa ba, ko wutar gidansu ba za ta ɗauke shi ba, ko ma jabu ne. Kuɗin nan wani a kan keken ɗinki ya tara su, wani a tuƙin adaidaita sahu, wani kuma adashen mahaifiyarsa ne. Na zaɓi wasiƙu bakwai na taƙaita su. Ban sa farashi ba, domin kayan nan da dala ake shigo da su, kafin mujalla ta iso hannunku lissafin ya canza.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na sayi PS5 bara, an ce min gigabait 825 ne, amma gem shida kawai na zuba ya ce ba wuri. In zan sa sabo sai na goge tsoho, in na so tsohon kuma sai na sake sayen data. Abokina ya ce in sayi had dis na waje. Yaya zan yi? — Wani tela daga Fagge, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba a cuce ka ba. PS5 na farko da Sony ta fitar a watan Nuwamban 2020 gigabait 825 ne, amma tsarin na'urar kansa yana cinye wani kaso, abin da ke rage maka wajen 667 ne. Wanda aka rage wa jiki a ƙarshen 2023 shi ne mai terabait 1, wato gigabait 1,000, PS5 Pro na 2024 kuma terabait 2. Wasannin yanzu kuwa ba sa tausayin wuri, akwai wanda shi kaɗai ya haura gigabait 100, ga sabuntawa da ke sauka a kai a kai.

Abokinka ya faɗi gaskiya, amma bai ƙarasa ta ba. Had dis na waje da ake maƙalawa ta USB, PS5 zai karɓe shi. Wasannin PS4 za ka buga su kai tsaye daga cikinsa. Na PS5 kuwa ajiya kawai zai yi maka, kamar kaya a sito, ranar da za ka buga sai ka mayar da su cikin na'urar. Dalilin shi ne faifan da ke cikin PS5 yana karanta gigabait 5.5 a daƙiƙa guda, kuma a kan wannan saurin aka gina wasannin. Had dis mai juyawa, wanda a cikinsa akwai faranti da allura kamar garmaho, yawanci megabait 100 zuwa 150 yake yi a daƙiƙa. Ka ga tazarar ba ta wasa ba ce.

Duk da haka kada ka raina siton nan. A wurinmu da data ke cin aljihu, shi ne abin da zan ce ka fara saye. Gem mai gigabait 90 zai koma cikin na'urar daga had dis cikin kwata na awa ko ɗan fiye, ba tare da ka kashe ko sisi ba. In ka goge shi ka sake saukewa kuwa, sai ka kwana kana jira, ga kuɗin data.

In kuma kana son ƙarin wurin da za ka buga kai tsaye, akwai rami na musamman a ƙarƙashin murfin PS5, wanda Sony ta buɗe amfani da shi a watan Satumban 2021. Ana sa masa ɗan siririn faifai da ake kira M.2. Wanda aka fi samu faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80. Kai da tef ke wuyanka kullum ka san girman nan. Abin da za ka duba a jikin kwali: ya zama NVMe, ya zama PCIe 4.0, saurin karatunsa ya kai megabait 5,500 a daƙiƙa ko fiye. Samsung 980 Pro da 990 Pro da WD Black SN850X duk sun cika sharaɗin. Ka kula sosai, akwai M.2 na SATA mai kama da shi sak, amma PS5 ba ya karɓarsa, kuma shi ne aka fi yi wa mutane musanye da shi.

Sannan kada ka saya ba tare da ƙarfen shan zafi a bayansa ba. Wanda ke zaune a ƙasar sanyi yana iya yin sakaci da wannan. Mu da bazara ke kai mu ma'auni 40 har da ɗoriya, ba mu da wannan damar. Faifan in ya yi zafi sai ya rage gudu don ya kare kansa. In ka ɗaura shi ka kunna, na'urar za ta nemi ta share shi, sannan ta nuna maka saurin da ta auna. Ka duba lambar nan tun kana kusa da wanda ya sayar maka.

TAMBAYA: Yaya, na ga ana tallar SSD na waje mai terabait 2, kuɗinsa bai fi na filas mai kyau ba. In saya? — Wata ɗaliba daga Gombe

AMSA: Ƙanwata, ki riƙe kuɗinki. SSD faifan ajiya ne marar faranti mai juyawa, ya fi had dis sauri. Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona. Wani saurayi ya kawo min irin wannan, ɗan akwati shuɗi mai ƙyalli, ya ce ya zuba wasanninsa da aikin makarantarsa na shekarar ƙarshe, sunayen suna nan amma babu wanda ke buɗewa. Na sa bakin sukundireba na ɓalle murfin. Abin da ke ciki ɗan ƙaramin katin memori ne irin na waya, an liƙe shi da gam a kan wani ɗan allo, sai wasu ƙarafa biyu da aka manna a gefe don abin ya yi nauyi a hannu. Saurayin nan ya zauna a kan benci ya yi shiru. Ban iya dawo masa da aikin ba, domin ba ya nan tun farko.

Yadda yaudarar take: an shirya abin ne ya gaya wa kwamfuta cewa shi terabait 2 ne, alhali cikinsa bai wuce gigabait 32 ko 64 ba. Yana karɓar kaya ba musu. Da ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ko ya zubar da shi, suna kawai yake ajiyewa. Shi ya sa ba a ganewa a ranar farko. Araha ba ta ado.

Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw. Tana cika faifan da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan ta karanta ta ga nawa ne suka tsira. Tana daɗewa, amma ba a iya yi mata ƙarya. In kuma faifan na hannu ne, ki sa CrystalDiskInfo, za ta nuna miki awa nawa ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. In kin ga alama ruwan ɗorawa, ki bar shi.

Wani abu kuma don kada ki zargi mai gaskiya: faifan terabait 1 na ƙwarai zai nuna gigabait 931 a Windows. Kamfanoni da 1,000 suke ƙirgawa, kwamfuta kuma da 1,024. Wannan ba cuta ba ce.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne. Babana ya saya min kwamfutar tebur ta hannu, Dell OptiPlex irin siririyar nan ta ofis, Core i5 ƙarni na 8, RAM gigabait 8. Ina son buga FC 24 da GTA V. Na tara kuɗi zan sayi RTX 3060 don na ji yana da gigabait 12. Zai shiga? — Wani ɗalibi daga Maraɗi

AMSA: Ƙanena, na ji daɗin da ka tambaya kafin ka biya. Ba zai shiga ba, ta fuskar jiki da ta fuskar wuta.

RTX 3060 katin girafik ne mai kyau, wato katin da ke sarrafa hoton wasa a kwamfuta. Nvidia ta fitar da shi a watan Fabrairun 2021, kuma har yau yana aiki. Amma shi kaɗai wat 170 yake ja, yana buƙatar wayar wuta tasa mai baki 8, kuma kamfanin ya ce a haɗa shi da fawa fak mai wat 550. Fawa fak shi ne akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta. Na cikin siririyar kwamfutarka wat 200 ne ko kusa da haka, an yi shi ne don aikin rubutu da lissafi, kuma ba shi da waccan wayar. Canza shi ma ba sauƙi, domin irin waɗannan kwamfutocin na ofis bakin wayarsu daban ne da na kasuwa. Ga kuma akwatin kwamfutar siriri ne, murfin ba zai ma rufu ba.

Wani zai ce maka akwai 'yar wayar haɗi da ke ɗebo wuta daga bakin SATA ta kai wa kati. Don Allah kada ka yarda. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka. An taɓa kawo min kwamfutar da aka yi wa wannan dabarar. Tun kafin in buɗe na ji ƙaurin roba. Bakin wayar ya narke ya zama baƙi ƙirin ya manne da ƙarfe, kuma ya tafi da faifan ajiyar yaron. Allah ne ya tsare bai kama labulen ɗakin ba.

Ga abin da zai yi maka. Ramin da ake soka kati a jikin bod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, yana ba da wat 75 da kansa. Don haka ka nemi katin da bai wuce nan ba, kuma ya zama gajere, irin wanda aka yi don siririn akwati, mai ɗan gajeren ƙarfe a baya. Akwai GTX 1650 na 2019 mai gigabait 4, akwai RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024 da ke cin wat 70. Ka lura, mai gigabait 6 na ce, domin mai 8 yana buƙatar ƙarin waya. Akwai kuma RX 6400 na AMD mai wat 53, shi ne mafi ƙarancin ci, sai dai a tsohuwar kwamfuta irin taka yana rasa wani kaso na ƙarfinsa. Kafin ka saya ka buɗe akwatin ka auna sararin da ke tsakanin ramin da fawa fak, domin wasu katunan kauri biyu ne. In da hali ka ɗauki kwamfutar ka tafi da ita a gwada a gabanka.

Kamfanin EA mai yin wasan ƙwallon FC 24 ya ce mafi ƙarancin katin da wasan ke buƙata shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570. GTX 1650 ya fi 1050 Ti ƙarfi, don haka za ka buga ƙwallonka a 1080p in ka sassauta wa saitin hoto. GTA V kuwa tun 2015 ya zo kwamfuta, ba zai wahalar da shi ba.

Ina son ka cire wani abu daga ranka, kai da duk mai karanta wannan. Yawan gigabait da ke jikin kati ba shi ne ƙarfinsa ba. Faɗin tire ne kawai, ƙarfin wuyan mai ɗauka daban. Za ka ji ana kiran GT 730 mai gigabait 4 kamar wani abin arziki, alhali ba zai iya da wasannin yanzu ba ko kaɗan. GT 1030 ma iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun bai fi rabin na farko da yawa ba. Sunan kati da lambarsa za ka fara dubawa, sannan gigabait.

Canjin da ya rage maka ka ƙaro RAM, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi nan take, gigabait 8 irin wanda ke ciki, su zama biyu suna aiki tare, jimilla 16. In kwamfutar had dis mai juyawa gare ta, ka sa mata SSD, ko na SATA ne mai megabait 550 a daƙiƙa. Za ka ji kamar sabuwa aka ba ka.

Ranar da Allah ya hore maka ka haɗa babbar kwamfuta, ka sa wuta cikin lissafi tun farko. RTX 4060 na 2023 wat 115 yake ci kuma ya fi 3060 gudu a mafi yawan wasanni. RTX 4090 da ake yi wa kirari wat 450 ne, kusan fankar silin shida ke nan suna juyawa lokaci guda. Mai sola da batir biyu ya san ma'anar wannan.

TAMBAYA: Malam, an yi min tayin RX 580 mai gigabait 8 da araha, mai shi ya ce daga waje aka kawo, ba a wahalar da shi ba. Amma wani ya ce min duk irinsu an yi mainin da su. — Wani mai shagon caji daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Ɗan uwa, wanda ya gaya maka bai yi nisa da gaskiya ba. AMD ta fitar da RX 580 a 2017, kuma masu haƙar kuɗin kirifto, wato mainin ɗin da ka ji, sun saye shi da yawa, suka jera a ɗakuna yana aiki dare da rana. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da tsarin haƙa da katin girafik, sai katunan nan suka malalo kasuwannin duniya, har suka iso gare mu.

Wannan ba ya nufin kowanne ya lalace. Na gyara da yawa da suka ci gaba da aiki lafiya. Abin da ke gajiya shi ne fanka, da man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya, wanda ke bushewa ya zama kamar alli, wani lokacin kuma memorin katin. Don haka gani ya kori ji. Ka juya fankar da yatsa ka ji ko tana karkarwa ko ƙara. Ka haska fitilar waya ka duba tsatsa da alamar ƙuna a bayan allon. Sannan a soka shi a kwamfuta a gabanka a kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki tuƙuru, na minti 20. Ka zuba wa allo ido. In ka ga ɗige-ɗige masu launi, ko layuka, ko allon ya ɗauke ya dawo, ka mayar masa da kayansa. In zafin ya doshi ma'auni 90, yana buƙatar sabon mai da wanki, sai a rage maka kuɗi.

Ka buɗe GPU-Z kuma, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka duba wata lamba. RX 580 na ainihi yana da ƙwayoyin aiki 2304. Akwai wani da aka yi don kasuwar Sin mai suna RX 580 2048SP, wanda a gaskiya ɗan uwan RX 570 ne. Ba laifi ba ne a saye shi, amma a kuɗinsa.

Tunda muna kan maganar, ga alama ɗaya mai sauƙi ga masu sayen na Nvidia. In aka nuna maka kati an ce GTX 1050 Ti ne ko 1060, ka ga yana da shuɗin bakin nan na VGA a bayansa, ka yi zargin tsohon kati ne aka sauya wa suna, domin wannan jerin bai zo da VGA ba.

RX 580 wat 185 yake ja, yana son fawa fak na kirki mai wat 500. Kuma ku yi magana a gaban shaida cewa in ya nuna matsala cikin kwana uku za ka dawo da shi. Mai kayan ƙwarai ba ya ƙin wannan.

TAMBAYA: Oga, ina da gidan gem, PS4 guda shida da talabijin inci 32. Yara sun fara guduwa inda ake da PS5. Zan sayi PS5 biyu da manyan talabijin 4K. Wani dila ya ce sai mai 120, wani ya ce OLED ya fi. Ni dai ƙwallo yaran nan suke bugawa daga safe har dare. — Mai gidan gem daga Sabon Gari, Zariya

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Jimlarka ta ƙarshe ita ce ta amsa rabin tambayar.

Mu fara da ma'anar 4K. Hoton talabijin ɗige-ɗige ne. Mai 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato miliyan biyu da 'yan kai. Mai 4K kuwa 3840 ne da 2160, miliyan takwas da dubu ɗari uku ke nan, ninki huɗu. Da yawa daga cikin masu inci 32 irin naka ma 1366 da 768 ne, don haka yaran za su ga bambanci ƙwarai. Amma ido yana da iyaka. A talabijin mai inci 55, in bencin ya wuce mita biyu da 'yan kai daga allo, da wuya a bambance 4K da 1080p. Ka matso da benci. Kuma ka bar PS4 ɗinka da talabijin ɗinsu, domin PS4 na asali ba ya fitar da abin da ya wuce 1080p.

Batun 120: wannan yawan hotunan da allo ke sauyawa ne a daƙiƙa. Don a sami 4K a 120 sai talabijin yana da HDMI 2.1, kuma wasan kansa ya iya. Ƙwallon EA a PS5 hoto 60 take gudu a daƙiƙa. Ka ga ke nan za ka biya kuɗin abin da yaranka ba za su gani ba. Mai 60 na kirki ya ishe ka. Ka kuma yi hattara da lambobin jikin kwali irin su Motion Rate 120, sau da yawa allon 60 ne, dabarar talla ce.

OLED kuwa ban taɓa ganin hoto mai kyansa ba, baƙinsa baƙi ne na gaske domin kowane ɗigo da kansa yake kunnuwa ya mutu. Amma ba na gidan gem ba ne. Abin da ya daɗe a wuri guda a kan allonsa yana iya barin tabo. Ka tuna allon ƙidayar ci da agogon wasa da ke maƙale a kusurwa, da 'yar taswirar fili a ƙasa, awa goma sha biyu kullum. Ka sayi LED na kamfanin da ka san za ka sami mai gyaransa a Zariya ko Kaduna.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, dilolin ba su faɗa maka ba, shi ne jinkirin amsawa, wato tsakanin yaro ya danna fad da ɗan wasa ya motsa. An taɓa kira na wani gidan gem, mai wurin ya canza fad har uku, yara na ta cewa "Oga fad ɗin nan ba ya ji." Na karɓi fad na buga fasin, na ji ƙwallon tana fita a makare. Na ɗauki remot na shiga saitin hoto na mayar da shi Game Mode. Yaron da ke kusa da ni ya taɓa sau biyu ya ɗago kai ya ce, "Yanzu ya saki." Talabijin yana ɓata lokaci ne yana yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna. A wasu, jinkirin yana kai milisakan 100, wato hoto shida a baya. Game Mode yana kashe kwalliyar ya dawo da shi ƙasa da 20 a talabijin mai kyau. Don haka ka ɗauki PS5 ɗin ka je da shi shago, ka tafi da yaron da ya fi kowa iya bugawa a wurinka, shi zai gaya maka gaskiya.

Da ka kawo gida ka shiga saitin HDMI ka buɗe masa cikakken ƙarfi. A Samsung sunansa Input Signal Plus, a LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony da Hisense Enhanced format. Ka yi amfani da wayar HDMI da ta zo cikin kwalin PS5, ta isa.

Sai wuta. PS5 yana cin wajen wat 200 lokacin wasa, babban talabijin kuma wajen 100 ko fiye. Saiti biyu sun kai 600, ban da shidan da kake da su da fankoki. Ɗan ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ba zai riƙe ba, kuma wutarsa hawa da sauka take yi. Ka sa UPS, akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, tsakanin na'urorin da bango, ko da na minti biyar ne, don in an ɗauke wuta a sami damar kashewa da hannu. Yankewar wuta lokacin da na'ura ke rubutu a faifai ita ce ke lalata ajiyar wasa. Da daddare kuma a kashe su gaba ɗaya, kada a bar su a yanayin barci mai fitila ruwan lemo.

TAMBAYA: Talabijin 8K fa? — Wani ma'aikaci daga Sakkwato

AMSA: Ranka ya daɗe, ɗigo miliyan 33 ne, amma wasannin da za su cika shi kusan babu, tashoshin tauraron ɗan'adam da muke kallo ma ba su kai nan ba. Kuɗin da za ka ƙara a kansa ka sa shi a 4K mai haske da launi na ƙwarai, ragowar ka ƙara batir.

TAMBAYA: Ɗana, jikana ya sauke Alƙur'ani, na yi masa alkawarin na'urar gem. Shekararsa 13. Kawunsa ya ce Xbox Series S ya fi araha. Ni ban san komai a kai ba, kuma ba na son abin da zai ɓata masa tarbiyya. — Wata kaka daga Katsina

AMSA: Hajiya, barka da arziki, Allah ya sa albarka a karatun, ya ba shi ikon aiki da shi. Kawunsa ya yi gaskiya, Series S ya fi PS5 araha kuma ba ya cin wuta, bai kai wat 100 ba. Sai dai ba shi da wurin sa faifai. Kowane wasa sai an saya ta intanet an sauke, kuma mai gigabait 512 abin da ke rage wa mai shi wajen 364 ne. In babu intanet mai ƙarfi a gidan, kyautar za ta koma cin kuɗin data kowane wata. PS5 ma akwai marar faifai, shi ma haka.

Shawarata, in kuɗin ya kai a saya masa PS5 mai faifai. In bai kai ba, PS4 na hannu mai lafiya ba abin kunya ba ne, FC 24 da FC 25 duk sun fito a kansa. Faifai ana saye na hannu, ana musanye da abokai, ana sayarwa in an gama.

Batun tarbiyya, Hajiya, ki duba jikin kwalin kowane wasa. A kan waɗanda aka yi don Turai akwai lamba a kusurwa: 3, 7, 12, 16 ko 18, shekarun da suka dace ke nan. Ƙwallon FC 24 da FC 25 3 ce. GTA V da yara ke yawan roƙo 18 ne, kuma da dalili, kada a saya masa. A cikin na'urar akwai wurin da babba zai buɗe wa yaro asusu, ya ƙayyade awa nawa zai buga a rana, ya hana shi sayen abu da kuɗi ko hira da baƙi. Ki sa kawun ya saita wannan a gabanki tun ranar farko, lambar sirrin ta zauna a wurinki.

A ajiye na'urar a falo inda ake wucewa, a kan tebur mai sarari, ba cikin rufaffen kabad ba, ba kuma a kan kafet ba. Lokacin hunturu in an kashe ta ta huce, a lulluɓe ta da ɗankwali mai tsabta, a cire kafin a kunna. In kin ji fankar ta fara ƙugi kamar injin niƙa, ƙura ce ta toshe ta, a kai wa mai gyara ya buɗe ya share.